KWASAR SHARA A KASUWA: INA RABON MAKAHO DA GURGU DA KURMA?

(Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan kasuwarmu ya gabatar a taron ƙungiya a Suleja)

 



An ba mu ɗan lokaci mu yi magana kafin a sa hannu a kan sabuwar yarjejeniya da mai kwashe mana shara. Mun karanta takardar, inda Turancin ya fi ƙarfinmu yaranmu suka fassara mana. An faɗi kuɗin wata, an faɗi ranakun da mota za ta zo, an faɗi tarar wanda ya saɓa. Amma daga farkonta har ƙarshenta ba mu ga inda aka tuna da cewa a cikin masu biyan kuɗin nan akwai wanda ba ya gani, akwai wanda ba ya tafiya da ƙafa, akwai wanda ba ya ji ba. Dalilin tsayuwarmu ke nan. Mu ba 'yan boko ba ne, iyakarmu Islamiyya, sauran kuma kasuwa ce ta karantar da mu, sabili da haka inda muka yi kuskure malamai su gyara mana.

Mafi yawanmu da ke zaune a nan ba a garin nan aka yanke mana cibiya ba. Daga Kano muka zo, da Katsina, da Gusau, da Sakkwato, wasunmu har daga Maraɗi. Ci-rani ya kawo mu, arziki ya zaunar da mu. Mun tarar da masu gari, Zage-zagin da Sarki Abu Ja ya kafa wa Abuja a 1828, da Gwari da Koro, suka karɓe mu hannu biyu. Su ne suka ba da sunan garinsu ga sabon babban birnin tarayya da gwamnatin Janar Murtala ta yanke shawarar ginawa a 1976, garin ya koma Suleja daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Da gwamnati ta taso daga Ikko ranar 12 ga Disamba, 1991, sai jama'a suka yi ta kwararowa. Rusau ɗin da aka yi a Abuja tsakanin 2003 da 2007 ya ƙara turo wasu. Ƙidayar 2006 ta sami mutum sama da 200,000 a wannan ƙaramar hukuma, yau kuwa ku dubi Kwamba da Madalla da Maje ku gaya mana. Mutum ya wuni yana aiki a Abuja, ya kwana a Suleja, shararsa ma a nan take kwana. Lungunan da aka yanka domin jaki da mai tallar kai, su ne yau suke ɗaukar ledar fiya-wata ta dubban mutane.

A tsarin mulkin 1999, kula da kasuwanni da kwasar shara yana cikin ayyukan ƙaramar hukuma, jiha kuma tana da hukumar kare muhalli, wato NISEPA. To amma kowa a nan ya san cewa daga bakin shagonka zuwa inda mota take tsayawa, wannan tsakaninmu ne da kwamitinmu da masu baro. Mu muka tsara, mu muke karɓar kuɗi, mu muke yanka tara. Saboda haka yau ba hukuma muka zo zargi ba. Kanmu muka zo dubawa.

Bari mu ɗan yi ratse a kan suna. Da can nakasassu muke cewa, yanzu a rediyo sai ku ji ana cewa masu buƙata ta musamman. Duk wanda su masu abin suka fi so shi za mu bi. In kun ji mun ce makaho ko gurgu ko kurma, ba don raini ba ne, don a gane wanda ake nufi ne, domin matsalar kowannensu daban take.

Akwai wani dattijo makaho a layinmu, yana sayar da igiya da tabarma da mafici da tsintsiya. Ya riga da yawanmu zama a kasuwar nan. Kuɗi kuwa in ka ba shi, da wuya ka cuce shi, ya san kayansa ɗaya bayan ɗaya da hannu. Wata rana wani mai karɓar kuɗin shara ya zo, ya biya shi, aka danƙa masa takarda ya sa a aljihu. Bayan kwana biyu wani ya zo ya ce bai biya ba. Ya fito da takardarsa, ashe tsohon rasit ne na watan da ya wuce aka miƙa masa. Ko ganganci ne ko kuskure, Allah ne masani, mu dai ba mu kama kowa ba. Aka ce za a rufe masa rumfa. Mu da muke maƙwabtansa me muka yi? Muka haɗa kuɗin muka biya, muka ce, "Baba, yi haƙuri, ya wuce." Muna ganin mun yi abin kirki. Sai ya juyo wajen da muryarmu take ya ce, "Alhaji, na gode. Amma ni ba sadaka na roƙe ku ba. Na biya kuɗina. Abin da nake so ku gaya mini, wata mai zuwa yaya zan yi in san takardar da aka ba ni ta gaskiya ce?" Wallahi jama'a ba mu da amsa. Har yau da muke tsaye a gabanku ba mu ba shi amsa ba, shi ya sa muka kawo tambayar nan gaban taro.

Kuma ba rasit kaɗai ba ne. Makaho da ƙwaƙwalwa yake tafiya. Ya san taku nawa ne daga rumfarsa zuwa masallaci, ya san inda kwata take, ya san inda aka ɗora mata murfi. Ranar da aka yi yasar kwata aka ɗaga murfin aka jingine shi, aka tara baƙin taɓo a tsakiyar hanya ana jiran ya sha iska kafin a kwashe, to an canja masa gari ba a gaya masa ba. Mai ido zai tsallake yana tsaki. Shi kuwa sandarsa za ta nemi murfin inda ta saba samunsa, ta sami rami. Sau nawa muka ga an bar murfi a jingine mako guda? Haka kuma bolar kanta, yau tana bakin wannan layi, gobe an mayar da ita bayan wancan, ba wanda ya yi tunanin ya sanar.

Amma a ganinmu wanda ya fi shan wuya shi ne gurgu, kuma a nan muke so mu ɗan daɗe. Guragun kasuwarmu ba mabarata ba ne. Akwai mai gyaran takalma, akwai mai gyaran waya, akwai mai sayar da kati da caja, akwai mai saƙar hula. Da yawansu shan-inna ce ta kama su tun suna yara, cutar da sai a watan Agusta na 2020 aka tabbatar an raba Nijeriya da asalin ƙwayarta. Amma waɗanda cutar ta taɓa suna nan tare da mu, magidanta ne masu iyali. Wani yana da keken guragu mai taya uku wanda ake murzawa da hannu, wani yana kan ɗan katako mai taya, wani kuma da hannuwansa yake tafiya, ya sa silifa a tafin hannu.

To ku tsaya ku yi tunani. Abin da ƙafarka take takawa da takalmi, shi da hannu yake dafa shi. Ruwan wankin kifi, jinin mahauta, ruɓaɓɓen tumatir, fasasshiyar kwalba, rezar mai aski, allurar da mai kemis ya jefar a leda. Da wannan hannun zai ci abinci, da shi zai yi alwala, da shi zai ɗauki ɗansa in ya koma gida. A 2021 cutar amai da gudawa ta kashe mutum sama da 3,000 a ƙasar nan, kowa kuma ya san daga ƙazanta da gurɓataccen ruwa take tasowa. Wa kuke jin ya fi kusa da ita, mu da muke kan benci ko shi da yake ƙasa?

Sa'an nan mu ce masa ya kai shararsa bola kamar kowa. Kwata uku ce tsakaninsa da bolar, biyu ba murfi. In Allah ya sa ya isa, bakin garwar ko durom ɗin ya fi ƙarfin hannunsa, domin an yi shi ne daidai ƙirjin mai tsayuwa. Dole ya nemi almajiri ya biya shi ya kai masa. Kun ga ya biya sau biyu ke nan, ya biya kwamiti, ya biya yaro. In yaron ya ga bola ta yi nisa ya juye a kwata, aka gane ledar daga rumfar gurgu ta fito, shi za a ci tara. Sau uku. Mu masu ƙafa sau ɗaya muke biya, kuma har muna ƙorafin ya yi yawa.

Na kurma gajere ne amma da ciwo. Sanarwarmu duk da lasifika muke yinta, ko a masallaci bayan sallar La'asar. Akwai wani tela kurma da aka ci shi tara don ya buɗe shago da safen ranar da aka sa domin tsafta. An sauya ranar ne, an yi shela sau uku, kowa ya ji ban da shi. Yaron nan ya yi makarantar kurame, yana karatu yana rubutu, Hausa da Turanci, ya fi wasunmu. Layi biyu a takarda da ya wadatar.

Yanzu mu zo kan shawarar da yaranmu 'yan boko suka kawo, cewa a daina karɓar kuɗi hannu da hannu, a koma biya ta waya, sanarwa kuma a riƙa turawa ta WhatsApp. Mu ba mu ƙi ba. Wanda ya ga wahalar takardun kuɗi ta farkon 2023 ba zai raina biya ta waya ba, kuma zai rage irin abin da ya sami Baba mai igiya, tunda saƙon banki shaida ne. Amma a yi shi da lura, kada mu rushe katanga ɗaya mu gina wata. Mun zauna da wani matashi makaho mai babbar waya ya nuna mana yadda yake yi. A wayoyin Android akwai wani abu da ake kira TalkBack, yana karanta masa duk rubutun da ya taɓa da yatsa. Ya ce in an turo masa sanarwa a rubuce, wayarsa za ta karanta masa. Amma in sakatare ya rubuta a takarda ya ɗauki hotonta ya turo, kamar yadda muka saba, to sau da yawa abin da wayar za ta gaya masa shi ne ga hoto nan, shi ke nan. Shi kuma kurma, in shugaban kwamiti ya danna ya yi maganar minti biyar ya turo da murya, ba abin da ya same shi. Ashe ke nan kowace sanarwa sai ta fita sau biyu, da murya da kuma rubutu, rubutun ma wanda aka buga da yatsa a wayar, da Hausa mai sauƙi, ba dogon Turanci ba.

Akwai kuma lambar nan ta banki mai farawa da tauraro, wadda ake dannawa a ƙaramar waya. In ka yi jinkiri kaɗan sai ta yanke, ka koma farko. Wanda kuturta ta taɓa wa yatsu, ko mai rawar hannu, ko tsohon da idonsa ya yi rauni, zai yi ta farawa tana yankewa. Ƙarshenta ya miƙa wa wani wayarsa har da lambar sirrinsa, kun ga an buɗe wata ƙofar cuta. Don haka kada a toshe hanyar biya hannu da hannu. A bar ta, amma a gyara ta: mai karɓa ya zama sananne ɗaya a kowane layi, ya faɗi sunansa in ya zo, ya karanta abin da ke cikin rasit da ƙarfi a gaban maƙwabcin da makahon ya zaɓa da kansa, a kuma rubuta a littafin layi. Ko ba komai mun sami abin da za mu gaya wa Baba.

Wani zai ce, Alhaji, wannan ai tausayi ne, kowa ya yi gwargwadon imaninsa. To a sani yanzu har doka akwai. A watan Janairu na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar hana nuna wa nakasassu bambanci. Ta yanka tarar Naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ga mutum ɗaya, kamfani kuwa Naira miliyan ɗaya. Ta ba da shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a yadda gurgu da makaho za su iya shiga, wa'adin kuma ya cika tun Janairun 2024. Ta ce a layi a fara sallamarsu. A 2020 aka kafa hukumar tarayya mai kula da al'amuransu. Mu ba lauyoyi ba ne, amma mun san kasuwa wurin jama'a ne, mai kwasar shararmu kuma kamfani ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum ɗaya cikin shida a duniya yana da wata nakasa. Ku ƙirga rumfunan layinku, ku ƙirga masu sayenku. Kuma kada mu manta, mu da muka haura hamsin, ciwon suga da hawan jini da yanar ido suna bakin ƙofa. Hanyar Kaduna da babur ɗin acaɓa kuwa kullum suna ƙara yawan masu sanda.

Tun muna Islamiyya aka karantar da mu cewa kawar da abin cutarwa daga hanya yana cikin rassan imani, malamai suna nan za su tabbatar. An kuma karantar da mu labarin Abdullahi ɗan Ummi Maktum, makahon da Suratu Abasa ta sauka a kansa. Abin da ya fi tsaya mana a rai a labarinsa shi ne aiki aka ba shi. Ladani ne tare da Bilal, kuma Manzon Allah (SAW) ya sha barinsa a Madina yana yi wa mutane limanci in an fita. Ko a al'adarmu ta Hausa, garuruwanmu sun daɗe da Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da Sarkin Kutare, waɗanda ake jin ta bakin jama'arsu ta hannunsu. Mu kuwa kwamitin tsaftarmu tunda aka kafa shi bai taɓa zama da ko ɗaya daga cikinsu ba. Duk abin da muka faɗa yau, a bakinsu muka ji, kuma mun tabbata abin da ba mu ji ba ya fi yawa, musamman wajen mata, domin ba mu sami zama da su ba. Hajiyoyi, wannan aikinku ne, ku taimaka mana.

Saboda haka roƙonmu ga wannan taro shi ne kada a sa hannu yau. A jinkirta mako biyu. A ba su kujeru a kwamiti, makaho da gurgu da kurma, da mace a cikinsu, su za su zaɓo wakilansu ba mu ba, kurman kuma a samo masa wanda ya iya maganar hannu ya zauna kusa da shi. A rubuta a cikin yarjejeniya cewa mai baro zai ɗauki sharar nakasasshe daga bakin rumfarsa ba tare da ƙarin ko kwabo ba. Ai ta gaban rumfar yake wucewa. A rubuta cewa duk wanda ya ɗaga murfin kwata zai mayar da shi kafin Magariba, in aikin bai ƙare ba a kewaye wurin da abin da sanda za ta taɓa, ba igiyar leda da iska ke kaɗawa ba. Bola ta zauna wuri ɗaya, a sa ƙaramar garwa a gefenta wadda na zaune zai kai. Masu kemis da masu aski kuma, don Allah, allura da reza a jarka mai murfi, kada a sake ganinsu a leda. Su kansu masu baron da 'yan bola hannunsu ne ke shiga ciki.

Maganar gangara a bakin layuka ita ce mai cin kuɗi, mun sani, kuma mun ga ma'aji yana kallonmu. Ba mu ce a yi duka bana ba. A fara da hanyar masallaci da hanyar ban-ɗaki da hanyar bola. Amma in za a yi a yi daidai. Ƙa'idar da magina suka sani ita ce, duk tudun da ya kai ƙafa 1, gangararsa ta kai tsawon ƙafa 12. Abin da muke gani a bakin wasu shaguna, wanda aka yi don a tura babur, in gurgu ya hau shi da keke baya zai kifo. Faɗin kuma a auna da keken mai taya uku, a kira mai keken ya gwada kafin siminti ya bushe. Masu sayar da siminti da rodi suna cikin ɗakin nan, ba za mu kama suna ba, sun san kansu.

Dalilin da ya sa muke gaggawa shi ne damina. Ba wanda ya manta da ambaliyar watan Yuli na 2017, da ta Yulin 2020, yadda ruwa ya ci gidaje da rayuka a unguwannin garin nan. Ba mu ce shara kaɗai ta jawo ba, akwai gini a kan hanyar ruwa. Amma ledar da muke turawa kwata ita ce take toshe magudana kafin ruwa ya sami hanyarsa zuwa kogin Iku. In ruwa ya taso da dare, mai ƙafa ya ɗauki 'ya'yansa ya gudu, mai kunne ya ji ihun maƙwabta. A cikin jerin da kwamiti zai yi, a rubuta rumfar kowane nakasasshe da unguwar da yake kwana, a san maƙwabcin da zai buga masa ƙofa.

Shugaba, ran Alhaji ya daɗe, mun ga kana duba agogo. Baba mai igiya yana nan a bakin ƙofa tare da ɗan jagorarsa, tela kuma mun rubuta masa takarda ya zo, ga shi can a sahu na uku. Muna roƙon a ba su minti biyar-biyar daga lokacin da ya rage kafin a ɗaga hannu a kan maganar jinkirtawa. A matso wa Baba da kujera gaba, a kuma kawar da wayar lasifikar nan daga hanya.